Ruwan zafin Aislan da abin da ya koya mini game da rijiyoyinmu

Daren da na sauka a Reykjavik, babban birnin ƙasar Aislan, abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne famfon banɗaki. Na murɗa kan ruwan zafi domin in watsa in huce gajiyar hanya, sai wani wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya gauraye ɗakin. Na rufe, na buɗe na sanyi, na iske shi garau, ba wari ba ɗanɗano. Da gari ya waye na kai kuka wurin matar da ke kula da masaukin, a zatona wani abu ne ya lalace. Ta yi murmushi ta bayyana mini cewa lafiyar famfo lau, kuma babu wata tukunyar dumama ruwa a gidan gaba ɗaya. Da zafinsa ruwan yake zuwa ta bututu daga ƙarƙashin ƙasa, warin kuwa na farar wuta ne, bayan kwana biyu hanci zai saba.

Na je ƙasar ne cikin wata tawagar ziyarar ƙaro ilimi ta mako biyu, domin ganin yadda suke cin moriyar zafin da ke ƙarƙashin ƙasa. Aislan tsibiri ne a can arewacin Tekun Atlantika, kuma mutanenta ba su kai dubu 400 ba. Ƙaramar Hukumar Dala kaɗai ta fi su yawa tun a ƙidayar 2006. Na tafi da zaton zan ga mutanen da aka ba su taskar da ba ta ƙarewa, su sai kwasa. Na dawo da wata fahimtar daban. Ruwan zafin nan yana da iyaka, sun sha taɓo iyakar sun ji a jikinsu, kuma abin da ya riƙe su har yau shi ne awo da lissafi da haƙuri. Wannan ne nake son mu tattauna da mai karatu, domin ya shafi rijiyar burtsatsen da ke ƙofar gidansa fiye da yadda zai yi zato.

Daga wankin mata zuwa bututun birni

Tsibirin yana zaune ne a kan wata doguwar tsaga da ta ratsa ƙasan teku, inda manyan faifan ƙasa biyu, na Amurka ta Arewa da na Turai da Asiya, suke rabuwa da kimanin santimita biyu a kowace shekara. Saboda haka narkakken dutse yana kusa da sama. A yawancin sassan duniya, idan ka haƙa kilomita ɗaya zafi yakan ƙaru da digiri 25 zuwa 30 ne a ma'aunin Salshiyos. A wasu yankunan Aislan kuwa, kafin ka cika kilomitar ka wuce digiri 200. Ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara suna tsiyaya ta tsagogin duwatsu, su gangara can ƙasa su ɗauki zafi, sannan su taso. Sunan birnin ma daga nan ya samo asali: ma'anarsa gaɓar teku mai hayaƙi, saboda tururin da baƙin farko suka hango yana tashi sama da shekara dubu da suka wuce.

Abin mamakin shi ne, ƙarnuka da dama wannan ni'ima ba ta wuce ta wanka da wanki ba. An kai mu kwarin Laugardalur, inda har yanzu tsofaffin kwamin wanki suke. Nan matan gari, mafi yawansu 'yan aikin gida, suke ɗauko kayan wanki a baya su tako kusan kilomita uku cikin iska da ƙanƙara. Babban titin kasuwancin birnin a yau, Laugavegur, an fara gina shi ne a 1885 domin sauƙaƙa musu wannan tafiya. A gidaje kuwa kwal ake ƙonawa, wanda ake sayowa daga waje da kuɗi mai tsada. Hotunan birnin na wajejen 1940 da muka gani suna nuna baƙin hayaƙi ya lulluɓe rufin gidaje.

A 1928 aka fara haƙa a wajen kwamin wankin, a 1930 kuma aka ja bututu mai tsawon kilomita uku zuwa wata makarantar firamare. Ruwan bai wuce lita 14 a daƙiƙa ba, zafinsa digiri 87. Daga makarantar aka miƙa zuwa asibiti da wurin ninkaya da wasu gidaje ƙalilan. A 1943 aka jawo ruwa mai yawa daga Reykir, bayan gari. Duk da haka, zuwa 1970 fiye da rabin mutanen ƙasar da man fetur suke dumama gidajensu. Tashin gwauron zabin da farashin mai ya yi a 1973 shi ya farkar da su. Gwamnati ta ba ƙananan hukumomi rancen bincike da haƙa, tare da ɗauke musu wani kaso na asarar idan rijiya ta fito a bushe. Yau kusan gida tara cikin goma da zafin ƙasa ake dumama shi, kuma kimanin kashi 30 cikin 100 na lantarkin ƙasar daga tururi yake fitowa, ragowar daga madatsun ruwa.

Ruwa ɗaya, aiki biyar

Abin da ya fi burge ni a kwanakin farko shi ne yadda ba sa sallamar ruwa sai sun tatse shi. Wani injiniyansu mai suna Baldur Lindal ya tsara wani jadawali a 1973 da ke nuna irin aikin da kowane matakin zafi zai iya yi, kuma a zahiri haka suke bi. Tururi mafi zafi yana juya injinan lantarki. Ragowar zafin yana dumama ruwan da ake turawa birni. Daga tashar Nesjavellir bututu yana tafiyar kilomita 27, kuma saboda kyawun naɗin da aka yi masa ruwan ba ya rasa fiye da digiri biyu a hanya. Yana shiga gidaje da zafin kusan digiri 80. Idan ya gama zagaya ɗakuna ya sauko zuwa wajen digiri 30 ko 35, sai a bi da shi ta ƙananan bututu a ƙarƙashin daɓen titi da ƙofofin gidaje ya narkar da dusar ƙanƙara. Na taka irin wannan titin da sassafe: gefe guda santsi, gefe guda a bushe kamar an share.

A ƙauyen Reykholt mun shiga wata gona da ke cikin ɗakunan gilashi, inda ake tsinkar tumatir fiye da tan guda a kowace rana, rani da hunturu, a ƙasar da rana ba ta wuce awa huɗu ko biyar a sama a watan Disamba. Ruwan zafi ke dumama ɗakunan, fitilu ke maye gurbin rana. A Hveragerdi har ayaba muka gani a gonar gwaji ta makarantar aikin gona. A yankin Reykjanes kuma akwai gonar da ke kiwon wani kifi ɗan asalin gaɓar tekun Senegal, da ruwan teku mai ɗumi da tashar lantarki ta gama amfani da shi.

A can ne kuma na ci karo da Najeriya ba zato. Mun shiga wata masana'anta da ke busar da kawunan kifi da ƙasusuwansa da iska mai ɗumi daga zafin ƙasa. Da jagoranmu ya ji daga inda na fito sai ya nuna mini buhunan da aka jera, ya ce kusan dukansu ƙasarmu za su. Busasshen kifin nan ne da Yarbawa ke kira panla, Ibo ke kira okporoko, wanda ake gani a Sabon Gari da sauran manyan kasuwanninmu. A da zubar da kawunan ake yi ko a niƙa su a abincin dabbobi. Zafi mai araha ya mayar da su haja, har ta kai lokacin da darajar Naira ta faɗi a 2016 sai da masu wannan sana'a suka girgiza.

Shahararren wurin wankan nan, Blue Lagoon, wato shuɗin tafki, wanda masu yawon buɗe ido ke tururuwa zuwa, asalinsa ruwan da tashar Svartsengi ke zubarwa ne tun 1976. An zaci zai nutse cikin busassun duwatsun wurin, sai farar lakar da ke cikinsa ta toshe ƙofofin, ya taru ya zama tafki. Daga baya masu ciwon fata suka fara shiga suna samun sauƙi, kasuwa ta buɗe. Labari ne mai daɗi, amma a lura: da kuskure ya fara, kuma sa'a ce ta gyara shi.

Ranar da ƙasa ta ce ya isa

A mako na biyu ne aka zaunar da mu gaban wata injiniya mai kula da rijiyoyi, ta haska mana wani zane a bango. Layi ɗaya ne, yana nuna tsayin ruwa a rijiyoyin Laugarnes, filin da ke ƙarƙashin tsofaffin kwamin wankin, shekara bayan shekara. Da farko layin a miƙe yake. Daga shekarun 1960, lokacin da aka haƙa rijiyoyi masu zurfi aka zura musu injinan jan ruwa, sai layin ya rufta ƙasa da fiye da mita 100. Maɓuɓɓugan da mata suke wanki a cikinsu suka ƙafe ƙaf. Bayan wasu shekaru layin ya daina gangarowa, ya tsaya a sabon matsayi, yana ɗan sauka da hunturu yana ɗan hawa da bazara, kuma haka yake har yau, fiye da shekara hamsin.

Bayanin da ta yi mana mai sauƙi ne. Rijiyar zafin ƙasa tana da abubuwa biyu da ke shigo mata: ruwan da ke tsiyayowa daga nesa, da zafin da duwatsu ke ba shi. Kowannensu yana da saurinsa, kuma ba mai iya matsa masa. Idan abin da kake ɗiba bai wuce abin da ke shigowa ba, riba kake ci. Idan ya wuce, ka fara cin uwar kuɗi, ko dai ruwan ya ja baya, ko ruwan sanyi ko na teku ya kutso ya lalata rijiyar. A Laugarnes an yi dace, domin faɗuwar ruwan ta jawo ƙarin ruwa daga kewaye har shiga da fita suka daidaita, kuma masu kula da filin suka tsaya a nan ba su ƙara ba. Da birni ya ci gaba da girma, wasu filayen aka nema. Masanansu sun yi ittifaƙi a kan ma'auni guda: ba a kiran ɗiba mai ɗorewa sai idan za a iya ci gaba da ita a wannan adadin na tsawon shekara 100 zuwa 300.

Na tambaye ta yadda aka yi suka san duk wannan. Ta ce ai tun kafin a haife ta ake zura ma'auni a rijiyoyin ana rubutawa, kuma ba a taɓa dainawa ba. Wannan amsa ta fi duk injinan da na gani zama a raina.

Ba ko'ina aka yi irin wannan dacen ba. A Akureyri, babban garin arewacin ƙasar, an shimfiɗa bututu a ƙarshen shekarun 1970 bisa ƙiyasin da ya zarce abin da rijiyoyin za su iya bayarwa. Ruwa ya yi ta ja baya, garin ya shiga bashi da ƙarancin zafi. Daga cikin matakan da suka ceto su akwai sanya wa kowane gida mita, ya biya daidai abin da ya zuba, da mayar da ruwan da aka yi amfani da shi cikin ƙasa, har zuwa lokacin da aka gano wani sabon fili mai albarka a Hjalteyri.

Babbar tashar Hellisheidi, wadda muka ziyarta, ita ma tana da nata tabon. An fara aiki da ita a 2006, kuma cikin shekara biyar aka kai ta megawat 303, a daidai lokacin da masana'antun narka alminiyum ke neman wuta ido rufe. Tsohuwar ƙa'ida ita ce a gina kaɗan, a jira wasu shekaru a ga yadda ƙasa za ta amsa, sannan a ƙara. A nan an yi gaggawa. Zuwa 2013 ya fito fili cewa tururin yana raguwa, sai da aka ja sabon bututu daga wani filin, Hverahlid, a 2016 domin cike giɓin. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne ma'aikatan tashar da kansu ne suka ba mu wannan labari, ba tare da mun tono ba.

Sauran ƙasashe ma sun ɗanɗana. A Kaliforniya ta Amurka akwai filin tururi mafi girma a duniya, The Geysers. Kamfanoni da dama suka yi ta rige-rigen haƙa a rumbu ɗaya, wutar ta kai ƙololuwa a 1987, daga nan ta dinga faɗuwa. Abin da ya tsayar da faɗuwar shi ne jawo ruwan bahaya da na kwata da aka tace daga garuruwan kewaye, daga 1997 sannan daga birnin Santa Rosa a 2003, ana ɗura wa ƙasa. A Rotorua ta Niyu Zilan kuwa, ɗaruruwan gidaje da otal-otal kowa ya haƙa tasa rijiyar, har maɓuɓɓugan da ke feshi sama, waɗanda ƙabilar Mawori ke girmamawa kuma garin ke ci da su, suka fara mutuwa. A 1986 gwamnati ta ba da umarnin rufe duk rijiyar da ke cikin kilomita ɗaya da rabi daga babbar maɓuɓɓugar Pohutu. An yi zanga-zanga, an je kotu, aka rufe. Cikin shekarun da suka biyo baya wasu maɓuɓɓugan suka farfaɗo, wasu kuwa sun tafi ke nan.

Maganin ma da nasa ɗacin

Mayar da ruwa cikin ƙasa shi ne babban maganin da kowa ya dogara da shi yanzu. A kewayen birnin Faris na Faransa, tun 1969 ake haƙa rijiyoyi biyu-biyu: ɗaya ta fito da ruwan zafi, a zare zafin, ɗaya ta mayar da shi. Sai dai aikin yana son natsuwa. Idan rijiyar mayarwa ta yi kusa da ta ɗiba, ruwan da ya huce zai dawo ya sanyaya ta. Idan aka ɗura da ƙarfi kuma ƙasa takan motsa. A 2011, da aka fara ɗura ruwa a wani sashe na Hellisheidi, mutanen Hveragerdi sun yi ta jin ƙananan girgizar ƙasa, biyu daga ciki sun kai maki huɗu. Daga nan aka kafa ƙa'idar ƙara ruwan sannu a hankali da sanar da jama'a tun kafin a canza komai.

Iskar farar wutar da ke fita daga tashar ta taɓa zama abin kuka a Reykjavik, tana baƙanta azurfa tana cin kayan lantarki. Maganin da suka samo shi ne narkar da ita cikin ruwa tare da iskar kabon a tura su ƙasa, inda suke haɗuwa da baƙin dutsen wurin su daskare. Sakamakon gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna fiye da kashi 95 cikin 100 na kabon ɗin ya zama dutse cikin ƙasa da shekara biyu.

Akwai kuma haɗarin zuba ƙwai duka a kwando ɗaya. A watan Disamban 2022, da sanyi ya tsananta, sai da aka rufe wuraren ninkaya na birnin na ɗan lokaci domin ruwan zafi ya ishi gidaje. Ran 8 ga Fabrairun 2024 kuma dutse ya yi aman wuta kusa da Svartsengi, narkakken dutse ya malalo ya cinye babban bututun da ke kai ruwan zafi yankin Reykjanes. Fiye da mutum dubu 20 suka kwana cikin ɗari na kwanaki, aka rufe makarantu, ma'aikata suka yi ta walda dare da rana a kan dutsen da bai gama hucewa ba. Wutar da ke ba su ɗumi ita ce ta kori mutanen garin Grindavik daga gidajensu a Nuwamban 2023. Mun hango garin daga nesa, a bayan manyan ganuwoyin ƙasa da aka tara domin karkatar da malalar.

Saboda irin waɗannan darussa, doka ta hana kowa haƙa babbar rijiya sai da lasisi daga hukumar makamashi, tare da sharaɗin kawo rahoton abin da ya ɗiba. Majalisarsu kuma ta kasa wuraren da ke da ƙarfin ruwa ko tururi gida uku: waɗanda za a yi amfani da su, waɗanda za a jira ƙarin bincike, da waɗanda ba za a taɓa ba ko nawa za su kawo.

To, mu ina ruwanmu?

Mai karatu zai iya cewa mu da zafi ya ishe mu, me za mu yi da ruwan zafi? Gaskiya ne, kuma ba na cikin masu dawowa daga tafiya su ce a kwafo duk abin da suka gani. A nahiyarmu ƙasashen da ke kan babbar tsagar Gabashin Afirka ne ke da irin wannan dama. Kenya ta kunna tashar Olkaria a 1981, kuma yau fiye da kashi 40 cikin 100 na lantarkinta daga tururi yake. Da yawa daga injiniyoyinta a Aislan suka yi horo, a shirin wata shida da ake gudanarwa tun 1979. Mu ba mu zauna a kan irin wannan tsaga ba. Wutarmu tana sama, a rana.

Duk da haka muna da namu gwargwado. Maɓuɓɓugar Wikki da ke Yankari a Jihar Bauchi tana fitar da kimanin lita miliyan 21 a kowace rana, da ɗumin digiri 31 dare da rana. Idan aka lissafa, ya ninka ruwan da Reykjavik ta fara da shi sau goma sha bakwai, ko da yake bai kama ƙafarsa a zafi ba. Akwai Ruwan Zafi a Lamurde ta Jihar Adamawa da Akiri a Jihar Nasarawa, waɗanda suka haura digiri 50, da Ikogosi a Ekiti, da Tafadek kusa da Agadas a Nijar, inda mutane ke zuwa wankan neman lafiya. Irin wannan ɗumin ba zai juya injin lantarki ba, amma zai iya riƙe wurin ƙyanƙyasar kifi da hunturu, ko wurin wanka mai tsafta da zai kawo wa ƙauye kuɗin shiga. Wikki kuwa, a ganina, tana cikin rukuni na uku: a bar ta yadda take, a hana haƙa barkatai a kewayenta.

Babban abin da ya hana ni barci a jirgin dawowa shi ne tuna cewa zanen nan na Laugarnes mun riga mun zana irinsa, sai dai namu bai tsaya ba. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960 an haƙa ɗaruruwan rijiyoyi masu zurfi a ƙasar Barno, a kwarin Tafkin Chadi. Ruwan, mai ɗan ɗumi, yana tunkuɗo kansa sama ba inji ba guga. Murna ta sa aka bar da yawa daga cikinsu a buɗe, suna kwarara dare da rana, shanu su sha kaɗan, rana da yashi su shanye sauran. Binciken masana ya nuna ruwan ya shiga ƙasa ne dubban shekaru da suka wuce, lokacin da yankin ya fi yanzu damina. Uwar kuɗi ce zalla, ribarta kaɗan ce. Ƙarfin tunkuɗowar ya yi ta raguwa shekara bayan shekara, rijiyoyi da dama suka daina fesowa.

Yanzu kuma dubi biranenmu. Ruwan famfon gwamnati ya gaza, don haka duk mai hali ya kira masu injin haƙa. A unguwar da nake zaune, a layi ɗaya na ƙirga burtsatse bakwai. Rijiyar gidanmu ta gado, wadda muka sha tun muna yara, ta ƙafe shekarun baya, ba da jimawa ba bayan maƙwabta sun haƙa nasu. Masu haƙar da kansu za su gaya maka cewa inda suke samun ruwa a da, yanzu sai sun ƙara zurfi. Wanda ya fi kuɗi ya fi nisa a ƙasa, talaka ya koma sayen jarka wurin 'yan garuwa. Rotorua ke nan, ba tare da an sami mai tsawatarwa ba. Ba na zargin wanda ya haƙa, domin ƙishirwa ba ta jiran doka. Abin da nake tambaya shi ne, wa ke riƙe da littafin? Wace hukuma ce za ta iya nuna mana layin ruwan Kano ko Kaduna ko Maiduguri na shekara talatin a jere?

Abin da za mu iya yi bai fi ƙarfinmu ba. Kowace jiha ta keɓe wasu rijiyoyi na awo kawai, a riƙa auna su duk wata, a buga sakamakon a jarida. Ɗaliban sashen nazarin ƙasa na jami'o'inmu za su iya wannan da igiya da ma'auni. A yi wa masu injin haƙa rajista, kowace rijiya su miƙa zurfinta da inda suka sami ruwa. Masu ɗiba da yawa, irin masana'antun ruwan leda da na lemo da manyan otal-otal, a sa musu mita su biya, kuɗin ya tafi gyaran ruwan famfo, domin duk gidan da famfo ya wadatar ba zai nemi burtsatse ba. Rijiyoyin da har yanzu ke kwarara da kansu a sa musu kan famfo. Sannan mu koyi mayarwa: ruwan saman da ke sauka daga rufin kwanonmu ya bi kwata ya zama ambaliya, ana iya bi da shi cikin ramin tsakuwa ya koma ƙasa, kuma kududdufan da muke cikewa muna gina shaguna a kai su ne ƙofofin da ruwa ke bi ya sauka. Ruwan alwala da na wanka ma yana iya shayar da bishiya kafin ya tafi.

A ranarmu ta ƙarshe na koma Laugardalur ni kaɗai. Kwamin wankin suna nan a bushe, an kewaye su da allunan tarihi, yara na wasa a gefe. Ƙarƙashin ƙafata injina suna jan ruwan da ke dumama dubban gidaje, daidai adadin da ƙasa ta nuna za ta iya bayarwa. Mutanen nan sun rasa maɓuɓɓugarsu kafin su koyi awo, amma sun koya da sauran ruwa a ƙasa. Mu ma rijiyoyin gadonmu sun fara ƙafewa, kuma har yanzu da sauran ruwa. Gemun ɗan'uwa ya riga ya kama wuta a Barno tun shekaru sittin da suka wuce. Ya rage ga gwamnoninmu da 'yan majalisun jihohi da jami'o'inmu su fara zura ma'auni a rijiya tun daga wannan rani.